Kifin Talaka a Kasuwar Elmina

Hanci ne ke fara shaida wa mutum ya iso Elmina. Ƙarnin ɗanyen kifi da hayaƙin banda da warin man inji, iskar teku ce ke kwaso su gaba ɗaya ta tarye ka tun ba ka hango gadar da ta ratsa bakin tafkin Benya ba. In ka hau gadar, garin duka yana gabanka. Ga farin ginin nan da Turawan Fotugal suka kafa a 1482, wanda daga baya ya zama matattarar bayi kafin a loda su a jirgi. Ga ganuwar 'yan Holan a kan tudu tana fuskantarsa. Ƙarƙashin ƙafarka kuma kwalekwale ne ɗaruruwa, gefe na gugar gefe, kowanne da tutocinsa da fentinsa da sunan da mai shi ya raɗa masa. Yawancin baƙi saboda ginin suke zuwa. Su shiga ɗakunan da aka tsare bayi, su fito jiki a sanyaye, su tsaya kan gada su ɗauki hoton kwalekwale, sannan a kai su wani wuri su ci kifi. Ni kuwa ta ƙofar kasuwa na san garin, kuma har yau da kasuwar nake auna lafiyarsa.

Gwaggona, ƙanwar mahaifina, fataucin bandar kifi ta yi tsakanin Elmina da Kumasi har ƙarfinta ya ƙare. A tsakiyar shekarun 1990, in aka yi hutun makaranta na watan Agusta, ni ne ɗan rakiyarta, mai tsaron kwanduna da riƙon jakar kuɗi in za ta yi salla. Hutun yakan faɗo daidai da kakar kifi. Daga Yuli zuwa Satumba ruwan gaɓar Ghana yakan yi sanyi, domin ruwan can ƙasa mai ɗauke da abincin kifi yana tasowa sama, sai sardin ya biyo shi tuli. Fante na kiransa eban, mutanen Kumasi kuma amane. Shi ne kifin da duk garin ke jira shekara guda: da shi ake biyan bashi, da shi ake aure, da shi ake sayen sabon inji.

Abin da idona ya gani a wancan lokaci, in na ba yaran yanzu labari sai su ɗauka ƙari nake yi. Kwalekwale yakan shigo ta ƙarƙashin gada a nutse, bakinsa saura kaɗan ya sha ruwa, mutanen da ke kan gada suna tafi suna shewa. Samari su faɗa ruwa har ƙirji da daro a ka, su fito ruwan kifi na zuba a kafaɗarsu. Ba a ƙirga sardin, da daro ake ciniki. Duk yaron da ya kama igiya ko ya taya kwashe ruwa, za a watsa masa kifi a riga ya kai gida. Tsohon masunci da ƙafa ta daina kai shi teku, da matar da mijinta ya rasu, in suka tsaya bakin kwalekwale ba sa komawa hannu rabbana. Bayan kasuwa kuma tandunan banda ne jere, irin na laka da ake ɗora wa tire na katako da raga bisa juna, wanda aka fara gwadawa a unguwar Chorkor ta Accra a 1969 har sunan unguwar ya bi shi. Wuta ba ta mutuwa dare da rana. Idon kowace mace a wurin ja ne saboda hayaƙi, amma ba ka jin mai ƙorafi, don hayaƙin nan kuɗi ne.

Abincin rana a lokacin ba wani abin a zo a gani ba ne. Gwaggo takan sayi dokunun Fante, wanda ake naɗewa da ganyen ayaba, ba irin na Accra mai ɓawon masara ba. Mai suya ta tsamo sardin daga tafasasshen mai ta zube mana a faranti, ta miƙo kasko da niƙaƙƙen attaruhu da albasa da tumatir. Mu kife daro mu zauna a kai, 'yan dako na ratsa mu suna neman hanya, kuda na shawagi, injin kwalekwale na ruri a bayanmu. Kifin da aka kamo da asuba, da azahar yana bakinka, fatarsa na ƙaras-ƙaras, cikinsa da maiƙo. In farantin ya yi ƙasa, mai suya ta ƙara ba tare da an ce mata komai ba. Gwaggo takan ce, "Ci, ɗana, har ƙayar ka tauna, ita ce ke ƙarfafa ƙashi." Ƙaguwa da jatan lande kuwa, ko kallonsu ba ta yi. Ƙwarin ruwa take ce musu. Wani malami a zango ya taɓa gaya mata cewa a mazhabarmu ta Malikiyya duk abin da ke rayuwa a teku halal ne. Ta ce ta ji ta kuma yarda, amma halal ba dole ba ce. A haka ta koma ga Mahaliccinta, Allah ya jiƙanta.

Sai da na girma na fahimci irin ginin da ke ƙarƙashin wannan ciniki. Maza ke shiga teku, amma kuɗin kifi a hannun mata yake. Mace ce ke sayen mai da abincin tafiya ta ba masunta, wani lokaci ma tana da kaso a kwalekwalen, su kuma in sun dawo ita ce ta farko a kan kamun. Masunta na da sarkinsu, apofohene, mai raba gardamar teku. Mata na da tasu shugabar, konkohemaa, wadda ke zama a kan farashi in kwalekwalen farko ya sauka. Gwaggo na da abokiyar ciniki guda, Bafantiya, wadda ke kyafe mata kifi ta ɗaure a kwando da takardar siminti. Ba ta jin Hausa, Gwaggo kuma Fantenta bai wuce na ciniki ba, amma kaya na ɗimbin kuɗi take ba ta bashi, sai an sayar a Kumasi a kawo. Babu takarda, babu shaida. Da azumi Gwaggo takan tafi mata da gero da dabino, ita kuma in Kirsimeti ta zo takan aiko da gishirin Elmina da busasshen kifi.

Daga Kumasi kwandunan nan sukan ci gaba da tafiya: Techiman, Tamale, Bolgatanga, Bawku, wasu har su tsallaka Burkina Faso. Bandar sardin ba ta bukatar firji, tana yin watanni ba ta lalace ba, ana kuma iya sayar da ita ɗai-ɗai ga wanda kuɗinsa bai kai na nama ba. Ita ce a miyar kuka da kuɓewa ta tuwon zafi, ita ce ake dakawa a zuba a yajin shiton da ake ci da waakye a kowane zango. An kiyasta cewa kusan kashi 60 cikin ɗari na abincin gina jiki na dabba da mutanen Ghana ke ci daga kifi yake fitowa, kuma kaso mai tsoka na wannan kifi ƙananan nan ne da babu mai ɗaukar hotonsu. Yaro a Bawku da bai taɓa ganin teku ba, da tekun Elmina ya yi ƙashi.

A zuwana na baya-bayan nan na tarar da kasuwar ta fi da cika. Mutane sun ƙaru, kwalekwale sun ƙaru, hayaniya ta ƙaru. An gina sabuwar tashar masunta da aka buɗe a 2023, an yashe bakin tafkin, an yi shinge na duwatsu da ke karya igiyar ruwa. Mata na ciniki da waya a kunne, suna magana da masunta tun suna tsakiyar teku, kuɗi kuma ta waya ake tura shi. Na sayi jan kifi babba guda da jatan lande manya, na kai wa wata mai gashi a gefen kasuwa. Ta kankare ɓawon da bayan wuƙa, ta tsaga kifin wuri uku kowane gefe, ta cusa masa citta da tafarnuwa da attaruhu, ta ɗora a kan gawayi tana fifita da murfin roba. Jatan landen ta jefa a mai, ina kallo suka juya daga ruwan toka zuwa ja, suka lanƙwashe. Ta kawo su da banku da yaji iri biyu, ɗanye da soyayye. Naman kifin fari fat, yana rabuwa da ƙaya da kansa, ga zaƙin nan da ba ka samu sai a kifin da bai kwana ba. Abinci ne da ya cancanci a yi tafiya dominsa, kuma duk wanda ya ce maka kifin Elmina ya rage daɗi bai faɗi gaskiya ba.

Da na gama sai na ce ta ɗan soya mini sardin, don shi na yi marmari. Ta dube ni, ta aiki yarinya. Abin da aka kawo bai fi tsawon yatsa ba, kuma ƙirga su ta yi ɗaya bayan ɗaya kafin ta zuba a mai. Ta ce, "Alhaji, wannan ma sa'a ka taka. Yau kwana nawa ba mu gan shi ba." A tebur na kusa da ni kuwa karfasa ake ci, wadda aka yi kiwonta a keji a tafkin Volta aka kawo ta da mota. Karfasar kiwo, a bakin teku, a garin da ya yi suna da kifi tun kafin zuwan Turawa.

Wannan ne abin da farantin baƙo ke ɓoyewa. Mai kuɗi ba zai taɓa gane kifi ya yi ƙaranci ba, domin ko kifi ɗaya ya rage a teku, gabansa za a kawo shi. Jan kifi da jatan lande da ƙaguwa suna nan ga mai iya biya. Wanda ya ɓace shi ne kifin talaka. Alkaluman da ake kafa hujja da su sun nuna cewa sardin da ake saukewa a gaɓar Ghana ya kai kusan tan 135,000 a 1996, shekarun da nake zama kan daro kusa da Gwaggo. Zuwa 2016 bai kai tan 30,000 ba. Cikin shekara ashirin, kusan kashi huɗu cikin biyar sun tafi.

Ba ɓata ya yi da kansa ba. Babban abin da mutanen Elmina za su fara ambata maka shi ne saiko. Manyan jiragen da ke jan taru a ƙasan teku an ba su lasisi ne don kifin ƙasa, amma sai suka koma kwasar ƙananan kifin sama, har da 'ya'yan da ba su kai haihuwa ba. Su daskarar da su a ƙanƙara falle-falle, su sayar wa wasu manyan kwalekwale a tsakiyar teku, su kuma su kawo gaɓa. Dokar kamun kifi ta Ghana ta hana wannan sauke kaya daga jirgi zuwa kwalekwale, amma shekara da shekaru a fili aka yi shi, kuma Elmina ce babbar matattararsa. Ƙungiyar Environmental Justice Foundation ta kiyasta cewa a 2017 kaɗai kusan tan 100,000 aka shigo da shi ta wannan hanya. Ita ce kuma ta ba da rahoton cewa kusan kashi 90 cikin ɗari na jiragen nan, duk da tutar Ghana da suke ɗauke da ita, masu su na ainihi kamfanonin ƙasar Sin ne da suka fake da sunayen 'yan ƙasa. Masunci ya kwana a teku ya dawo da taru wayam, ya tarar ana sayar wa matarsa kifin da ya kamata ya kama, daskararre, da kuɗinta. Ban san wani zalunci a harkar abinci da ya fi wannan fitowa fili ba. A 2021 Tarayyar Turai ta sake ba Ghana katin gargaɗi kan kamun kifi ba bisa ƙa'ida ba, karo na biyu bayan na 2013, daga nan aka matsa wa saiko lamba sosai. Amma ɓarnar da aka yi shekaru ana yi ba ta gyaruwa a kaka ɗaya.

Masu kwalekwale ma da nasu kason, kuma dattawansu ba sa musu. Da kifi ya fara ja baya, sai aka koma shiga teku da janareto da manyan fitilu, a zura haske a ruwa da dare kifi ya taru, babba da yaro, a kewaye shi. Idon taru ya yi ta ƙanƙancewa. Wasu suka kai ga zuba guba da nakiya. Kwalekwale kuma suka yi ta yawa, har ƙidayar 2016 ta samu sama da 11,000 a gaɓar ƙasar, ga man inji da gwamnati ke sassauta farashinsa, wanda kowace jam'iyya ke tsoron taɓawa saboda ƙuri'ar bakin teku. Kama sardin mai tsawon yatsa daidai yake da manomi ya dafa irin shukarsa. Ya ƙoshi yau, damina ta zo ba abin da zai sa a ƙasa. Masunci ya fi kowa sanin haka. Sai dai in ka ce masa ya bar ɗan kifi ya girma, zai nuna maka fitilun manyan jirage a can nesa, ya tambaye ka wa zai bar wa. Shi ya sa ba na yarda a raba laifin nan biyu daidai. Wanda yunwa ta tura da wanda riba ta kawo ba hukuncinsu ɗaya ba. Mu ma da ke can zango muna sayen kifin saiko saboda araha, mun ci rabonmu, ko da ba mu san daga inda ya fito ba.

Abin da ke ba ni takaici shi ne garin nan ya san hutun ruwa tun kafin a rubuta wata doka. Ranar Talata masunci ba ya shiga teku. Kafin bikin Bakatue, wanda ake yi Talatar farko ta watan Yuli, akan hana kamun kifi a tafkin Benya na makonni, sai ranar bikin a jefa taru sau uku a buɗe ruwa. Mu Musulmi ba ruwanmu da abin da ake yi wa bauta a wurin, amma hikimar da ke cikin barin ruwa ya huta ba ta ɓuya ga mai hankali ba. Gwamnati ta zo da nata hutun: a 2019 aka fara rufe teku ga masu kwalekwale na wata guda, daga 2021 zuwa 2024 aka mayar da shi watan Yuli, manyan jirage kuma wata biyu. A 2023 aka dakatar da shigar sabbin kwalekwale na shekara uku. Tunanin rufe tekun daidai ne, don a watan Yulin ne sardin ke zuba ƙwai. Amma gidan da ke ci daga kamun yau, in ka ce ya zauna wata guda, ɗan buhun shinkafa da man girki da aka riƙa rabawa ba sa kai shi ko'ina. Kuma hutun wata ɗaya ba ya amfani in sauran watanni za a koma kwasar 'ya'yan da aka haifa a cikinsa.

Na nemi gidan abokiyar cinikin Gwaggo. Ta rasu, 'yarta ce a kan tandunan. Rabinsu sun rushe, kaji na kwana a ciki. Waɗanda ke aiki kuma, kifin kwali ne a kansu, na ƙanƙara, wanda aka shigo da shi daga ƙasashen waje ta tashar Tema, ta saya a gidan sanyi ta narkar ta kyafe. Teku na bayan gidanta, tana jin ƙararsa daga ɗaki. Ta gane ni da na ambaci Gwaggo, ta riƙe hannuna ta daɗe ba ta saki ba. Na tambaye ta ko har yanzu tana ba 'yan Kumasi kaya bashi. Ta ce ita ma da kuɗi a hannu take saye, da me za ta ba da bashi? Wannan ya fi alkaluman tan-tan taɓa ni. Yalwa ce ta ɗauki nauyin amanar nan da ke tsakanin Bafantiya da Bahaushiya, ita ce ta ɗauki nauyin gyaran mai suya da rabon tsoho da na gwauruwa a bakin kwalekwale. Mutanen ba su canza hali ba. Abin da ake kyautar da shi ne ya ƙare.

Kifin kwalin ma ba abin dogaro ba ne. Da dala ake sayensa, duk ranar da sidi, kuɗin Ghana, ya faɗi sai miya ta ji a jikinta. Can arewa kuma, a gaɓar Muritaniya da Senegal da Gambiya, masana'antu sun yi yawa da ke niƙa irin wannan ƙaramin kifi su mayar da shi gari da mai, a fitar da shi waje don ciyar da kifin kiwo da dabbobi. Wani rahoto na 2021 ya kiyasta abin da ake kwasa haka daga Afirka ta Yamma da sama da tan rabin miliyan a shekara. Kenan kasuwar da muke gudu mu saya in namu ya ƙare, ita ma ana yashe ta.

Ban raina sabuwar tashar ba. Masunci da ke samun wurin ɗaure kwalekwale ba tare da igiyar ruwa ta fasa masa shi ba ya san darajarta. Amma gini abu ne da ake iya yanke masa ƙyalle a ɗauki hoto, tsaron teku kuwa aiki ne na kullum da ba mai gani, kuma a nan ne aka daɗe ana sakaci. A 2025 Ghana ta yi sabuwar dokar kamun kifi da ta faɗaɗa yankin da aka keɓe wa masu kwalekwale daga mil 6 na teku zuwa mil 12. Mataki ne mai kyau ƙwarai, kuma sardin kifi ne mai saurin hayayyafa in an ɗaga masa ƙafa. Sai dai tsohuwar dokar ma ta hana saiko, aka kuma yi shi da rana tsaka. Abin da zai raba wannan da waccan shi ne jirgin sintiri da ke da mai, da jami'in da ba a saye shi ba, da kotun da za ta karɓi tara cikakkiya ta ƙwace lasisi.

Kuma wannan ba maganar masuntan Fante da Ga da Ewe kaɗai ba ce. Sarakunan zango da limamai da ƙungiyoyin matan kasuwa na Kumasi da Tamale da Bawku suna da bakin magana a nan, domin tukunyarsu ce ke ramewa. In 'yan majalisarsu suka zo neman ƙuri'a, a tambaye su jirage nawa aka kama cikin mil 12 ɗin nan, nawa aka hukunta. Masu saro banda kuma su daina karɓar kwandon da kifinsa bai kai tsawon yatsa ba, ko da ya fi araha.